DARASI A KAN TSORO, DA ABIN DA KE KORARSA

A karanta Fitowa 1:8-21, da Markus 4:35-41, da 1 Yohanna 4:16-21 tun kafin a fara darasin. Aya ta haddacewa ita ce Zabura 56:3. Shugaban ƙungiya ya raba karatun ga mutum uku, a karanta da ƙarfi, a hankali, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji sosai.

Gabatarwa

'Yan'uwa, ba mahalukin da bai san tsoro ba. Jariri ya kan firgita da ƙara tun bai san sunan uwa tasa ba, tsoho kuma ya kan kwana da fargabar abin da gobe za ta kawo wa jikokinsa. Allah ne ya sa wannan a jikin mutum domin tsaron ransa, gama wanda ba ya tsoron wuta ba zai daɗe bai ƙone ba. Amma tsoro ya kan wuce gona da iri, ya hau gadon sarauta a cikin zuciya, ya riƙa ba da umurni: yi shiru, yi ƙarya, rufe ƙofa, kada ka san wane. Abin da muke so mu koya yau shi ne, irin wannan tsoro ba ya fita da tsawa ko da cika baki. Sai wani abin da ya fi shi girma ya shiga zuciyar, sa'an nan ya ba da wuri.

1. Abin da ya faru a Bulabulin

Bulabulin unguwa ce a Maiduguri. Sunan na Barebari ne, ma'anarsa sabon gari. Mutanenta sun sha tsoro iri biyu cikin shekaru kaɗan, kuma za mu amfana idan muka duba su.

Na fari tsoron mutane ne. A watan Yuli na 2009 aka yi tashin hankalin 'yan Boko Haram a Maiduguri, aka kashe ɗaruruwan mutane, aka ƙone majami'u da ofisoshin 'yan sanda, shugabansu Muhammad Yusuf kuma ya mutu a hannun 'yan sanda ran 30 ga watan. Daga 2010 sauransu suka komo a ɓoye, suka shiga unguwanni. Su kan zo a kan babur su harbe mutum a ƙofar gidansa: ɗan sanda, ko mai unguwa, ko malamin da ya yi wa'azi a kansu, ko pasto. Har a 2011 gwamnati ta hana hawan babur a garin. Talakawa suka zama tsakanin wuta biyu. Wanda ya faɗa wa hukuma abin da ya gani, a zo masa da dare. Wanda ya yi shiru, sojoji su ɗauke shi a kan yana ɓoye su. Saboda haka bakuna suka mutu. Ko sunan ƙungiyar ba a faɗinsa da ƙarfi, maƙwabci kuma ya daina sakin jiki da maƙwabcinsa.

Ran 14 ga Mayu, 2013, Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka kuma yanke layukan waya. A cikin makonnin da suka biyo, samarin Maiduguri suka ɗauki gora da adda, suka fara nuna wa sojoji waɗanda kowa ya sani amma ba mai faɗi. Su ne ake kira 'yan ƙato da gora. A watan Yuli na wannan shekara sojoji suka shiga sashen da ake kira Bulabulin Ngarnam, suka ba da sanarwa cewa sun tarar da ramuka na ɓuya a ƙarƙashin ƙasa da kaburbura. Ashe abin yana nan a tsakiyar gidajen mutane, shiru ne ya lulluɓe shi. Ba mu ce dukan abin da aka yi a kwanakin nan daidai ne ba, gama marasa laifi da yawa sun sha azaba, waɗansu sun hallaka a kan zato kawai. Tsoro ne ya rufe bakin mutane da fari, tsoro ne kuma ya sa aka nuna yatsa ga wanda bai ji ba bai gani ba.

Na biyu tsoron ruwa ne. Da daren da ya wayi garin 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau a kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya malale cikin gari mutane suna barci. Bulabulin da Gwange da Shehuri da Gamboru suna cikin unguwannin da ya ci. Shekara 30 ke nan rabon garin da irinsa, watau tun 1994. Ruwan ya shiga gidan namun daji na Sanda Kyarimi, aka yi shela a yi hankali da kadoji da macizai. Mutane suka hau rufin ɗaki da gadoji suna jiran kwalekwale. Ruwa bai tambayi kowa yarensa ko addininsa ba.

2. Abin da tatsuniya da littattafai suka gani

Tun dā mutane su kan sa tsoronsu cikin labari, domin su iya kallonsa. A tatsuniyar Hausa sunansa Dodo. Ana faɗinta da dare, yara suna maƙale da kakarsu, su ji abin ban tsoro alhali suna jikin wadda ke ƙaunarsu. Wannan hikima ce: yaro ya kan iya jin labarin Dodo har ƙarshe saboda hannun da ke riƙe da shi.

Ku tuna kuma da labarin rijiyar Kusugu ta Daura. An ce maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Jumma'a, suka saba da ƙishirwa har suka ɗauka haka duniya take. Baƙo ne, Bayajidda, wanda aka ce ya biyo ta Borno, ya je da dare ya sare shi. Da gari ya waye, masu cewa su suka kashe shi suka yi yawa, amma kan macijin yana hannun mutum ɗaya. Labarin ya san halinmu: tsoro ya kan zama al'ada har a daina tambaya, jarumawa kuma su kan yawaita bayan an sare kan macijin.

Malaman Musulmi na ƙasar Hausa sun ɗauki wata hanya. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, da Aliyu Namangi na Zariya mai Infiraji, sun yi waƙoƙin wa'azi masu tuna wa mutum kabari da ranar hisabi, domin tsoron Allah ya hana shi zalunci. A kudancin Nijeriya kuwa, Chinua Achebe ya buga littafinsa Things Fall Apart a 1958, inda ya ba da labarin Okonkwo, gwanin kokawa wanda dukan gari ke shakkarsa. Amma shi abin da ke cinsa a ciki tsoro ne, kada a ce shi rago ne kamar ubansa. Saboda wannan ya sa hannu ya kashe yaron da ya girma a gidansa yana kiransa uba. Sau da yawa mai zafin hannu matsoraci ne da ya ɓad da kama.

A Ingila, John Bunyan ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford domin ya ƙi barin wa'azi. A littafinsa na tafiyar Kirista zuwa Birni na Sama, wanda aka buga a 1678, matafiyin ya gamu da mutum biyu suna gudowa da baya, sun ce akwai zakoki a hanya. Da ya matsa, ya ga zakokin, ya tsaya. Mai tsaron ƙofa ya kira shi daga nesa, ya gaya masa a ɗaure suke da sarƙa, ya bi tsakiyar hanya kawai. Ya wuce yana rawar jiki, yana jin rurinsu, amma ba su taɓa shi ba. Wani a cikinku zai ce, zakokin Maiduguri sun ci mutane. Gaskiya ne, kuma za mu ga inda Littafi Mai Tsarki ya ce sarƙar ta tsaya.

3. Kalmomin tsoro

Hausa tana da arziki a nan. Akwai firgita da razana, na abin da ya auko farat ɗaya. Akwai fargaba, ta abin da bai zo ba tukuna. Akwai ragonci, inda tsoro ya hana mutum yin abin da ya wajaba. Akwai kuma kwarjini, wanda ke sa mutum ya sunkuyar da kai a gaban babba. A Ibrananci kalmar yir'a tana ɗauke da tsoro da girmamawa duka, ita ce a Misalai 1:7 inda aka ce tsoron Ubangiji ne tushen sani. A Helenanci fobos haka take, tana iya zama mai kyau ko mummuna. Amma akwai wata kalma, deiliya, watau ragonci, wadda ba a taɓa yabonta ba. Ita ce Bulus ya gaya wa Timoti cewa ba daga Allah take ba (2 Timoti 1:7). Mai karatu ya lura da wannan, domin kada ya ɗora wa kansa laifi a kan bugun zuciya, ya kuma bar ragonci ya wuce ba tare da tuba ba.

4. Abin da tsoron mutum ke haifarwa

Farkon ambaton tsoro a cikin Littafi yana Farawa 3:10. Adamu ya yi zunubi, ya ji motsin Allah a gonar, ya ɓuya. Da aka tambaye shi, sai ya tura laifin ga matarsa. Ga 'ya'yan tsoro guda biyu tun ranar fari: ɓuya daga Allah, da ba da ɗan'uwa domin a tsira.

A Littafin Lissafi sura 13 da 14, Musa ya aiki mutum 12 su leƙo ƙasar Kan'ana kwana 40. Dukansu abu ɗaya suka gani, ƙasa mai albarka da birane masu ganuwa da ƙattin mutane. Goma suka ce su kamar fara suke a gaban mutanen nan. Maganarsu ta bi zango kamar wutar daji, jama'a suka kwana suna kuka, suka nemi komawa Masar inda aka bautar da su, har suka so su jajjefe Joshuwa da Kalibu da duwatsu. Sakamakon daren nan shekara 40 ne a jeji. Tsoro yana yaɗuwa ta baki. Mai kawo jita-jita a lokacin tashin hankali, ko a bakin kasuwa ko ta wayar hannu, aikin mutanen nan goma yake yi.

Sarki Saul ya amsa da bakinsa cewa tsoron jama'a ya sa ya ƙetare umurnin Allah (1 Samu'ila 15:24). Bilatus ya san Yesu ba shi da laifi, amma da aka ambaci Kaisar sai ya ba da shi. Bitrus, wanda ya yi alkawarin mutuwa tare da Ubangijinsa, ya yi musun saninsa sau uku a gaban wata baranya da masu jin ɗumi (Markus 14:66-72). Misalai 29:25 ta kira tsoron mutum tarko, kuma tarko ba ya nuna kansa sai ƙafa ta shiga.

5. Tsoron da ke korar tsoro

Mu koma ga karatunmu na fari. Wa ya fara jin tsoro a Fitowa sura 1? Fir'auna ne. Ya ga Isra'ilawa suna yawaita, ya ji tsoron kada su haɗa kai da abokan gaba, saboda haka ya umurta a kashe jarirai maza. Mai karusai da mayaƙa yana tsoron jinjiri. A gabansa kuwa ga ungozomai biyu, Shifra da Fu'a, mata marasa makami. Littafi bai ce zuciyarsu ba ta buga ba. Abin da ya ce shi ne sun ji tsoron Allah, suka bar yaran da rai. Sun auna sarki biyu, suka ga wanda ya fi nauyi. An rubuta sunayensu har yau, shi kuwa Fir'aunan ba a faɗi sunansa ba.

Karatu na biyu ya nuna wannan a fili. Almajirai suna cikin jirgi a Tekun Galili da dare, waɗansunsu masunta ne da suka san ruwan. Hadari ya taso, jirgi ya fara cika, Yesu yana barci a kan matashi. Suka tashe shi da zargi, suna ganin bai kula da hallakarsu ba. Ya tsauta wa iska, wuri ya yi tsit, sa'an nan ya tambaye su dalilin ragoncinsu. A aya ta 40 kalmar daga deiliya take. Amma a aya ta 41, bayan ruwa ya kwanta, Markus ya ce babban tsoro ya kama su, kalmar kuwa fobos ce. Dā suna tsoron hadari, yanzu suna tambayar juna ko wane ne wannan da ke cikin jirginsu. Kwarjininsa ya haɗiye tsoron ruwan.

A nan ne za mu ga iyakar sarƙar zakoki. A Matta 10:28-31 Yesu bai yi wa almajiransa alkawari cewa ba za a kashe su ba. Ya ce ikon masu kisa ya tsaya a kan jiki, ba ya kai ga rai, Allah kaɗai ke da iko da duka biyu. Nan da nan kuma ya kawo zancen gwarare da ake sayarwa da arha a kasuwa, waɗanda ko ɗaya ba ya faɗuwa ba da sanin Uba ba. Wanda ya cancanci a ji tsoronsa shi ne ya ƙidaya gashin kanmu. Ibraniyawa 2:14-15 ta ƙara da cewa Kristi ya ɗauki nama da jini, ya mutu, domin ya 'yantar da waɗanda tsoron mutuwa ya bautar da su dukan kwanakinsu. Shi ya sa Bitrus ɗin nan da baranya ta razana ya tsaya a gaban majalisar da ta hukunta Yesu, ya ƙi yin shiru (Ayyukan Manzanni 4:19-20). Tsakanin daren musu da wannan rana akwai kabari da aka tarar ba kowa, da gafarar da ya samu a bakin teku, da saukowar Ruhu Mai Tsarki.

Ba a zamanin manzanni kaɗai aka ga wannan ba. A watan Janairu na 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya daga Michika. A cikin hoton bidiyo da masu riƙe da shi suka ɗauka, ya yi magana a natse, ya nuna cewa bai karaya ba domin al'amarinsa yana hannun Allah, ya kuma roƙi a kula da iyalinsa. Aka kashe shi a cikin watan. Sun kai iyakar sarƙarsu, ba su wuce ta ba.

6. Ga masu rawar jiki

Kada wani ya fita daga darasin nan da nauyi a kansa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A cikinmu akwai wanda in taya ta fashe sai ya kwanta ƙasa, akwai wadda in hadari ya haɗu ba ta runtsawa. Wannan rauni ne, kamar karaya a ƙashi. Ubangijinmu da kansa ya yi baƙin ciki da damuwa ƙwarai a Jatsaimani, ya roƙi abokansa uku su zauna a faɗake tare da shi (Markus 14:33-34). Annabi Iliya, bayan nasarar Dutsen Karmel, ya gudu daga Jezebel har ya roƙi mutuwa. Allah ya fara ba shi barci da gurasa da ruwa, har sau biyu, kafin ya yi masa magana. Daga baya ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya ba shi Elisha abokin aiki (1 Sarakuna 19). Ikilisiya ta yi koyi da wannan: abinci, da zama tare, da sauraro. Wanda abin ya daɗe masa kuwa, a raka shi wurin likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a hanyar Baga, kuma zuwa can ba rashin bangaskiya ba ne.

Haka kuma yin hattara ba ragonci ba ne. Yesu ya yarda almajirai su gudu zuwa wani gari in an tsananta musu (Matta 10:23). An zurara Bulus cikin kwando ta kan ganuwar Dimashƙa. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Rigakafi ya fi magani.

7. Ma'aunin ƙauna

Karatu na uku ya ba mu ma'auni. Yohanna ya ce ƙauna in ta cika ta kan fitar da tsoro, kuma bai bar maganar a sama ba, ya ɗaure ta ga ɗan'uwan da muke gani da ido. Saboda haka tambayar da kowa zai yi wa kansa ita ce: me tsorona ya sa na yi wa maƙwabcina? Na daina gaishe shi? Na ɗora wa dukan Musulmin unguwa laifin waɗanda suka kashe su su ma? Na ga ana zaluntar wani na kau da kai?

Akwai kuma gwaji mai wuya a gabanmu. Tun mutuwar Abubakar Shekau a watan Mayu na 2021, dubban mutane sun fito daga daji sun miƙa wuya, ana mai da waɗansu cikin jama'a. Wanda aka kashe masa ɗa yana da hakkin ya nemi shari'a, hukuma kuma tana da nauyin bincike. Amma mu karanta Ayyukan Manzanni 9:10-27. Hananiya ya faɗa wa Ubangiji tsoronsa a fili game da Shawulu mai tsananta wa ikilisiya, duk da haka ya tafi, ya ɗora masa hannu, ya kira shi ɗan'uwa. Almajiran Urushalima ba su gaskata tubansa ba, sai da Barnaba ya kama hannunsa ya kawo shi. Ba kowane mai cewa ya tuba ne Shawulu ba. Sai dai ikilisiyar da tsoro ya hana ta ko yin addu'a dominsu ta manta da yadda ta sami Bulus.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambancin firgita da ragonci? Kawo misali ɗaya na kowanne daga karatunmu.
2. Don me Fir'auna ya ji tsoro? Ina kuke ganin mai iko yana zalunci saboda tsoro?
3. Almajirai sun fi jin tsoro bayan hadari ya kwanta. Yaya wannan tsoro ya bambanta da na fari?
4. Idan labari mai tayar da hankali ya zo muku ta waya, me ya kamata ku yi kafin ku gaya wa wani?
5. Wane ne a unguwarku tsoro ya raba ku da shi? Wace gaisuwa ko taimako za ku kai masa a makon nan?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ka san ƙurar da ka yi mu da ita. Ka gafarta mana inda tsoron mutane ya rufe bakinmu, da inda ya sa muka zargi marar laifi. Ka warkar da waɗanda ba sa iya barci, ka ta'azantar da gwauraye da marayu na Bulabulin da dukan ƙasar Borno, Kirista da Musulmi. Ka cika zukatanmu da kwarjininka da ƙaunarka, har mu iya buɗe ƙofa ga maƙwabcinmu. Muna roƙo cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.